Neman shawara: zan haɗa babban tankin gartsa da sauran kifaye masu farauta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kafin in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa. Kusan shekara ɗaya kenan ina riƙe da gartsa guda biyu, wato bichir irin senegalus ɗinnan, na samesu basu fi tsawon yatsa ba yanzu kowanne ya kusa santimita 20, tankinsu lita 100 ne kuma wlh tausayinsu nakeji in dare yayi naga suna ta gogar gilas suna hawa kan juna. Toh na yanke zan sa a haɗa min babba, tsawo santimita 120, faɗi 45, tsayi 90 saboda inaso ya cika ido, in zuba farar tsakuwa a ƙasa in bar saman a buɗe in rataya fitila. Bayan nawa biyun inaso in ƙara wasu irin gartsan, endlicheri biyu da ornatipinnis ɗaya, sai wasu kifayen daban, oska (oscar) biyu, arowana ɗaya, da tarwaɗar nan mai jan wutsiya da ake kira redtail, sai fileko guda, kifin nan mai manne baki a jikin gilas, ya riƙa share min shi. A bene nake zaune. Me ya kamata in gyara, kuma zan iya zubasu duka a sati ɗaya?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Madalla da ka tambaya tun ba'a yanka gilas ba, dan da an yanka magana ta ƙare. Ka juya awon nan gaba ɗaya. Gartsa kifin ƙasa ne, a kwance yake wuni a kwance yake farauta, abin da yake buƙata fili ne ba zurfi ba, kuma yanada huhu dole lokaci lokaci ya taso sama ya kurɓi iska ya koma, kaga tsayin 90 ɗinnan naka ba abin da ya ƙara masa sai nisan tafiya. Kayi 180 tsawo, 60 faɗi, 60 tsayi. Wannan lita 648 ne, naka 486, bambancin ruwan ba wani mai yawa bane amma filin ƙasan ya ninka naka sau biyu cif, kai ma ka lissafa ka gani. Sannan endlicheri yana kai santimita 60 har ya wuce, ta yaya zai juya a faɗin 45? In da hali ma faɗin ya kai 75 yafi min kwanciyar hankali.

Wani abu kuma da mutane basa lura, kaurin gilas tsayin ruwa yake bi. A tsayin 60 gilas mai milimita 12 da ɗauri a sama ya wadatar, in ka kai 90 sai wanda yafi haka kauri, kuma hannunka ba zai taɓa kaiwa ƙasa ba ranar da kakeso ka ciro wani abu.

Mai aikin gini:
Malam ni maganar benen ce ta tsaya min. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, wato ruwa kaɗai kilo 648, gilashin kansa ya haura kilo 100, ka ƙara yashi da teburin ƙarfe ka wuce 800, duk a ɗan wuri guda. Ka nemo wanda ya san ginin ya duba maka, a jingina shi kusa da bango mai ɗaukar nauyi ba tsakiyar ɗaki ba. Teburin ya zauna daidai ko'ina, a shimfiɗa soso mai tauri tsakaninsa da gilas, dan in kusurwa ɗaya ta ɗaga ko kaɗan ne gilas ɗin yana murɗuwa a hankali har wata rana ya buɗe.

Uwar gartsa:
Ɗan uwa dan girman Allah ka manta da zancen barin sama a buɗe. Ni nawa gartsan irin delhezi ne, shekara uku muna tare har yasan lokacin da nake zuwa da abinci, murfi kuma akwai shi, ɗan ramin da tiyon filta yake shiga kawai na bari wanda a idona ko kansa ba zai shiga ba. Da asuba na sameshi a bayan tebur ya bushe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, saboda ɗan soso ne da na cusa a wurin da yanzu yana nan. Suna iya daɗewa a waje muddin jikinsu na da danshi saboda huhun nan, dan haka duk wanda ya tsinci nasa a ƙasa ya maida shi ruwa tukunna kar ya yanke ƙauna, nawa dai na makara. Murfi mai nauyi, kowane rami a toshe, amma kar ka cika ruwa har ya taɓa murfin, ka bar musu kamar faɗin yatsu uku na iska.

Tsakuwa ma a'a. In sun kai wa abinci cafka har da abin da ke ƙasa suke haɗawa, tsakuwa ta maƙale a ciki ba fita. Yashi mai laushi, ka wanke shi sosai, kuma mai ɗan duhu yafi fito da zanen jikinsu, akan fari sai su koɗe. Hita ma a sa mata kariya dan suna son kwanciya a jikinta su ƙone, zafin ruwa 25 zuwa 28 ya isa.

Tsohon hannu:
Gaskiya ta faɗa. Na dawo kan jerin kifayen naka ƙanena, kayi haƙuri zan rage shi da yawa. Redtail cire shi kwata kwata, ɗan kogin Amazon ne yana wuce mita ɗaya kuma girmansa da sauri yake, watanni kaɗan zai haɗiye senegalus ɗin da kake tausayi, wannan kifin kududdufi ne ba na gilas ba. Arowana ma tana kusan mita ga tsalle, faɗin 60 ya mata kaɗan. Fileko kuwa an sha ganin yana manne wa gartsa da daddare yana tsotse yauƙin jikinsa har ya bar masa farin tabo da ciwo, gilas ɗinka ka goge da hannunka. Ƙa'idar dai ɗaya ce, duk abin da zai shiga bakin wani to abincinsa ne, har a tsakanin gartsan kansu. Endlicheri bakinsa yafi na senegalus faɗi kuma zai ninka shi girma, ɗaya ya isheka, ka sayo wanda bai kai naka ba su taso tare kana lura.

Mai oska:
Yaya in dai za'a rage jerin, oska kam ban yarda a cire ta ba. Nawa ɗaya tana tare da gartsa uku shekara biyu ba wanda ya taɓa wani, ita tana tsakiya su suna ƙasa. Matsalar kawai haɗama, gartsa idonsa ba ƙarfi da hanci yake bin abinci, kafin ya shinshino ta cinye. Sai na koma ina ƙosar da ita tukunna, in kashe fitila, sannan in zuba musu nasu mai nutsewa.

Uwar gartsa:
Ɗaya ka ce ai ɗan uwa, shi biyu yakeso. In suka zama mace da namiji suka yi ƙwai rabin tankin nasu ne, kuma ƙasan da gartsa ke kwanciya shi zasu tsare. Ga ƙazanta, oska ɗaya aikin filta ne mai zaman kansa. Ni da zai ji tawa ya nemi kurungu mai girma ko Ctenopoma wanda ya riga ya girma, duk 'yan Afirka ne kamar gartsan kuma basu da fitina.

Mai gwajin ruwa:
Ba wanda ya amsa tambayarka ta ƙarshe. A'a, kar ka zubasu a sati ɗaya. Kifi mai cin nama amoniya yake fitarwa da yawa, wato ƙazantar dake zama guba a ruwa, ƙwayoyin bakteriya dake zaune a filta su ke maida ita naitirait, shima guba ne, sannan naitiret mai sauƙin illa, sabuwar filta kuwa ba kowa a cikinta, sai tayi kamar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Hanya mafi sauƙi ka ɗauko soson tsohuwar filtarka ka saka a sabuwar ba tare da ka wanke shi ba, ka maida naka biyun su kaɗai, ka riƙa gwaji har amoniya da naitirait su tsaya a sifili, sannan ka ƙara ɗaya ɗaya da tazarar makonni. Kar lafiyar gartsa ta ruɗe ka, yana jure ruwan da zai kashe wasu shi yasa ake cutarsa ba'a sani ba. Filta babba ta waje ko biyu ma, canjin ruwa kamar kashi 30 cikin ɗari duk sati da maganin cire kulorin, soso kuma a ruwan tanki ake ɗauraye shi.

Tsohon tankin lita 100 ɗin kar ka rabu dashi, nan zaka killace duk sabon kifi sati uku ko huɗu, dan gartsan da aka kamo daga kogi sukan zo da wasu ƙananan tsutsotsi kamar zare a jikinsu, praziquantel ke maganinsu. Abinci kuma tana, jatan lande, yankan farin kifi da ƙwayar abinci mai nutsewa. Ka guji basu ƙananan kifaye masu rai musamman goldfish, suna kawo cuta kuma akwai sinadari a jikinsu dake lalata bitamin B1. Manya sau uku a sati ya ishesu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Hajiya wlh labarin delhezi ɗinki ya taɓa ni, yanzun nan na tashi na duba murfin ƙaramin na samu rami biyu na toshe. Na kira mai gilas na ce ya dakata, awo ya koma 180 da 60 da 60 in mai duba ginin ya amince, redtail da arowana da fileko na haƙura dasu. Oska ce har yanzu nake ja da baya akanta. Tambaya ɗaya ta rage, wurin ɓuya fa, itace zan sa ko dutse?

Tsohon hannu:
Itacen da aka jiƙa har ya nutse, da guntayen bututun roba masu faɗi buɗe ta baki biyu, kowane kifi da nasa har da ƙari ɗaya. In zaka sa dutse ya zauna a kan gilashin ƙasa kafin ka zuba yashi dan kar su tone ƙarƙashinsa ya rufto, kuma ka bar gaban tankin fili. Ka riƙa sauya bututun in sun ƙara kauri, dan kar wani ya cusa kansa inda ba zai iya fita ba.