Neman taimako kan amfani da "in an apparent reference to"

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ina rubuta kundin bincike da Turanci kan habaici a waƙoƙin niƙa da daɓe na matan Hausawa, kuma wata gaɓa ta tsaya mini.

Mai habaici ba ta kama suna, saboda haka idan na rubuta cewa da kishiyarta take, na ɗora mata abin da ba ta furta ba. Na yi amfani da "in an apparent reference to", kamar yadda 'yan jarida suke yi idan ɗan siyasa ya yi gugar zana, sai na lura kalmar "apparent" tana da fuska biyu: wani lokaci tana nufin abin da ya fito fili, wani lokaci kuma abin da ake zato kawai. Ma'ana ta biyun nake bukata. Ita kuwa "a veiled reference to", a ganina tana tabbatar da cewa da gangan aka sakaya, alhali ni hasashe nake yi daga yanayin waƙar.

Shin mai karatu zai fahimci "in an apparent reference to" a matsayin zato, ko kuwa "seemingly alluding to" ta fi dacewa da rubutun ilimi? Allah Ya saka da alheri.