Tseren Samaniya: Rasha da Amurka a Baiti

Bazazzagi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Amsa-amonmu na yau "ya" ne, wanda ya karya shi zai sayi goro. Ni ina bayan Rasha, Bakano yana bayan Amurka.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Zan zance kan tseren samaniya.
Ran 4 ga Oktoba, 1957,
Rasha ta girgiza duniya.
Ta harba ƙwallon ƙarfe sama, Sputnik,
Kilo 83 da 'yar ɗoriya,
Yana ɗit-ɗit a cikin rediyo,
Amurka ta kwan da zafin zuciya.
A Disamba ta ce bari in rama,
Rokarta Vanguard ta fashe, an sha dariya.

Bakano:
Sannu Bazazzagi, sarkin gaggawa,
Ka ga fari, ba ka ga ƙarshen tafiya.
Gagarin na Rasha ya riga mu hawa, ba ma musu,
A 1961, zagaye ɗaya.
Sai Shugaba Kennedy ya ce wata za mu,
Ko da za a ƙarar da dukiya.
Yulin 1969 Armstrong ya taka shi,
Da Aldrin, suka dawo lafiya.
Rokarku N1 fa? Sau huɗu ta tashi,
Sau huɗu ta tarwatse a hanya.

Bazazzagi:
Wata ɗaya ka samu kake ta ihu!
Tsaya in yi maka tambaya:
Wa ya fara aika mace sama?
Tereshkova ce, sarauniya,
A 1963, zagaye 48,
Taku sai 1983, ina kunya?
Leonov ya fito daga cikin kumbo,
Yana lilo a igiya.

Inna Bagobira:
Haba 'ya'yana, ku ɗan sassauta,
Ku bar tsohuwa ta faɗi gaskiya.
Rokar da ta ɗauki Sputnik ɗin nan,
An ƙera ta don bam na nukiliya.
Kowa na nuna wa ɗan'uwansa:
Hannuna zai kai gidanka ba wuya.
Von Braun na Amurka da kuke yabo,
Wa Hitila ya fara ƙira a baya,
Rokarsa V-2 ta yi ɓarna a Landan,
Fursunoni suka haɗa ta cikin tsiya.
Korolev na Rasha kuwa, ya sha kurkuku,
A Kolima, can ƙuryar Saberiya,
Ya fito ya gina musu duk abin alfahari,
Suka ɓoye sunansa ga duniya,
Sai da ya rasu a 1966,
Sannan aka ce ga gwanin, ku duba shi gaba ɗaya.
Laika ma ba ta roƙi kowa ba,
Daga titin Mosko aka ɗauko karya,
Aka harba ta ba shirin dawowa,
Zafi ya kashe ta tun ranar tafiya.
A 1967, mutum uku na kumbon Apollo na Amurka
Sun ƙone a ƙasa, ba a ko kama hanya.
Komarov na Rasha lemar saukarsa ta ƙi buɗewa,
Duk a cikin shekara ɗaya.

Bakano:
Allah ya ja kwana, Inna, mun ji,
Ba mai ja da ke, ba jayayya.
Amma bari in tsokani mutumina:
NASA ta Amurka ta kafa tasha a Najeriya,
A Kano ta zauna, ta riƙa bibiyar kumbo,
Har na Glenn Ba'amurke a 1962, da ya kewaya.
To malam, wace tasha aka kafa
A tsakanin Tudun Wada da Zariya?

Bazazzagi:
Glenn dai ya yi sa'a bai sauko ba,
Ya wuce ta samanku lafiya.
Da kumbon nan ya faɗo Kasuwar Kurmi,
Da kun sayar da shi kafin safiya!