Neman shawara: haɗa laftof da taswira a cikin mota don shiga sahara

Abu Safiya, Riyad:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, na zo neman shawara. Ni direba ne, kuma maigidana yana da raƙuma da ake kiwo a gabashin Rumah, wajen rairayin Dahna. Duk bayan mako biyu nakan kai wa makiyayan sha'ir da kayan abinci a Land Cruiser, amma da yake suna sauya masauki gwargwadon inda ciyawa ta fito, abin da ake turo mini a waya shi ne lambobin wurin kawai. A makon jiya sabis ya ɗauke jim kaɗan bayan na sauka daga kwalta, taswirar wayata ta koma fili fetal, na yi ta kewaya tudu guda tun azahar har la'asar kafin Allah ya haɗa ni da sawun motar ruwa. Ɗan maigida ya ba ni tsohuwar laftof ɗinsa mai Windows 10 domin in riƙa ganin taswira a babban allo, sai dai na kunna ta ban ga alamar ta san inda nake ba. Me zan saya, wace manhaja zan saka, kuma yaya zan ba ta wuta a mota?

Abu Usman, mai gyaran kwamfuta, Jidda:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba lalacewa ta yi ba. Yawancin laftof ba a ƙera su da na'urar GPS a ciki kamar waya ba, saboda haka sai ka sayi ta waje wadda ake sokawa a kafar USB. Wadda aka fi sani ita ce GlobalSat BU-353, 'yar mitsitsiya mai maganaɗisu a gindinta, wadda ake mannawa a rufin mota a shigo da igiyarta ta gefen ƙofa. Akwai kuma masu araha da ke ɗauke da guntun u-blox, su ma suna aiki. Irin wannan na'ura ba ta bukatar layin waya ko intanet, domin sauraron taurarin ɗan'adam kawai take yi, kuma da zarar ta kama huɗu daga cikinsu za ta fitar da matsayinka.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wajen haɗa ta da manhaja. Bayan ka saka direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, Windows zai ba ta lambar mashiga, misali COM3 ko COM5, kuma dole ne ka shigar da wannan lamba a manhajar taswira tare da saurin saƙo, wanda a GlobalSat 4800 ne, a yawancin masu u-blox kuma 9600. Idan ɗaya daga cikin biyun bai dace ba, allo zai yi shiru kamar ba a soka komai ba. Ka riƙa soka ta a kafa ɗaya koyaushe, domin sauya kafa yakan sauya lambar. Wani abin da kan firgita sabon shiga kuma shi ne, idan an kunna kwamfuta alhali na'urar tana soke, Windows kan ɗauke ta a matsayin linzami, sai ka ga kibiya tana tsalle a allo tana buɗe abubuwa da kanta. Maganinsa shi ne ka bari kwamfutar ta gama tashi kafin ka soka.

Game da manhaja, masu shiga sahara sun daɗe suna amfani da OziExplorer, wadda aka rubuta a Ostareliya. Tana nuna motarka tana tafiya a kan taswira, tana adana sawun da ka bi, amma ta kuɗi ce, kuma kai ne za ka nemo mata taswirar. Google Earth Pro kyauta ce kuma tana karɓar GPS kai tsaye, sai dai hotunan da take ajiyewa don amfani ba tare da intanet ba ba sa wuce gigabayit 2, kuma wurin da ka riga ka leƙa kana gida ne kaɗai za ta nuna maka. Wato kafin ka fita sai ka zauna inda akwai intanet, ka bi hanyar tun daga Rumah har masaukin raƙuman a hankali, a nisan kallo iri biyu ko uku, sannan ka kashe intanet ɗin ka tabbatar hotunan suna nan.

Baba Alhaji, tsohon direba, Ha'il:

Ɗana Abu Safiya, Allah ya kiyaye gaba. Bayanin Abu Usman ya wadatar a kan na'ura, ni kuwa lambobin nan da ake turo maka ne suka tsaya mini a rai, domin ina kyautata zaton su ne suka ɓatar da kai tun kafin sabis ya ɗauke. Ana rubuta matsayin wuri ta hanya uku: digiri da ɗigo, ko digiri da minti, ko digiri da minti da daƙiƙa. Idan makiyayi ya karanto maka 25 da 30 yana nufin digiri 25 da minti 30, kai kuma ka rubuta 25.30, to ka sauka a digiri 25 da minti 18, domin minti 60 ne ke cikin digiri ɗaya. Kowane minti ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kusan kilomita 1.85, saboda haka wannan ɗan kuskure na minti 12 ya kai ka kilomita 22 daga inda ake jiranka. Na taɓa yin irinsa a saharar Nafud ina ɗauke da tankin ruwa, na tsaya a fili ina danna oda babu ko tsuntsu, alhali mutanen suna can bayan tuddai suna dafa gahawa. Ka ce su riƙa turo maka hoton allon na'urarsu maimakon su rubuta da hannu.

Haka kuma ka daidaita manhajar a kan ma'aunin WGS 84, wanda shi ne GPS da wayoyi suke bi. Wasu tsofaffin taswirorin takarda na ƙasar nan an zana su ne a kan ma'aunin Ainul Abd na 1970, kuma idan ka saka hotonsu ba ka gaya wa manhajar ba, komai zai goce da mita da dama. A fili hakan ba matsala ba ce, amma a bakin sabka, inda ƙasar gishiri ke haɗiye taya, ya isa ya kwana da kai.

Ra'ayina, ko da matasa za su ce na tsufa, shi ne laftof ta fi amfani idan mota tana tsaye. A kan tudun rairayi idonka yana bukatar karanta gangare da launin ƙasa, kuma taswira ba za ta gaya maka cewa bayan tudun nan ya yanke ba, tun da iska tana sauya shi.

Abu Maryam, mai wayarin mota, Dammam:

Ina goyon bayan Baba, amma tun da an tambayi wuta bari in amsa. Kada ka fara da inbata mai mayar da wutar batir zuwa bolt 220, domin tana zafi kuma tana ɓarnar wuta. Ka duba gindin laftof ɗin ka ga abin da take ci, yawanci bolt 19 ko 20 ne, sannan ka sayi cajar mota da ke ɗaga 12 zuwa wannan adadi, mai bakin da ya dace. Laftof mai wat 65 kusan amfiya 6 za ta ja, fis ɗin soket ɗin caja na mota kuwa 10 ne ko 15, saboda haka babu damuwa muddin ba ka haɗa ta da firji a soket ɗaya ba. Ka gwada batirinta ma, domin soket yakan yanke wuta lokacin tayar da inji, kuma idan batirin ya mutu kwamfutar za ta ɗauke tare da sawun da ba ka adana ba. A saitin wuta ka hana ta barci, ka kuma zaɓi kada ta yi komai idan an rufe murfi.

Wurin ajiya kuwa, kada ka ɗora ta a kan dashbod ko a gaban jakar iska, domin idan jakar ta fashe za ta wurgo maka ita. Ka samu maƙalli da ake ɗaurewa da kusoshin kujerar gefe, ko katako mai ɗamara wanda ba zai toshe ramukan fankarta ba. Yawancin masu ƙera laftof sun ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin aiki, Riyad kuwa takan kai 45 a bazara, cikin rufaffiyar mota ya fi haka nesa. Idan rumbunta mai faifai ne, ka sauya shi da SSD, wato rumbun da ba shi da faifai mai juyawa, kafin gargada ta kashe shi.

Ummu Khalid, Madina:

Malam, maigidana ma yana irin wannan tafiya. Yana saka manhajar taswira ta OsmAnd a waya tare da taswirar Saudiyya da ya sauke tun a gida, yana kuma kwafar fayil ɗin GPX na hanyar daga laftof zuwa wayar, don idan ɗaya ta mutu ɗayar ta ci gaba. Kafin ya fita yakan bar mini lambobin inda za shi da lokacin da ya kamata ya dawo. Taswira tana nuna maka inda kake, amma ba ta kiran kowa, saboda haka ka roƙi maigidanka wayar Thuraya, mai kira ta tauraron ɗan'adam. Lambar gaggawa a yankin Riyad 911 ce.

Abu Safiya, Riyad:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na koma kan saƙon makon jiya, kuma maganarka ce ta tabbata, domin digiri da minti aka turo mini na shigar da su da ɗigo. Na sayi na'urar, ta fito a COM4, kuma jiya da yamma na gwada ta a Thumama da intanet a kashe, ta zana sawuna zuwa da dawowa. Sai dai hoton ya dushe da na wuce inda na leƙa a gida, kuma da rana allon ba ya ganuwa sosai. Malam Abu Usman, akwai dabara?

Abu Usman, Jidda:

Dushewar tana nufin ba ka leƙa wurin da kusa ba, sai ka maimaita, ka haɗa da kilomita goma a kowane gefen hanya saboda ranar da za ka kauce. Allon kuma haskensa na ofis ne, ba kamar na Panasonic Toughbook da aka yi don rana ba. Ka ƙure hasken, ka yanka kwali ka yi masa rumfa ta sama da gefe biyu, sannan ka sa layin hanyar ya zama ja mai kauri. Idan ka isa masaukin, ka adana wurin da suna da kwanan wata kafin ka sauke buhu ko ɗaya.