Guntayen katako a jardan: karatu ne ko ɓata lokaci?

Baban Sani: Assalamu alaikum ƴan uwa, ku yi min alƙalanci. Na je ɗauko ƙaramin ɗana daga jardan, wato makarantar yara ƙanana kafin firamare, na tarar da su baje a tabarma, kowa da guntayen katako yana ɗora wani kan wani. Na tambayi madam ina karatun, ta ce ai shi suke yi. Ni a wurina wasa a gida ake yinsa. Kuɗi nake biya ya koyi baƙi da ƙirga, ba ya gina ɗaki ya rushe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, duk awar da ta tafi a wasa asara ce.

Mushe Garba: Wa alaikumus salam. Alhaji, shekarun yaron nawa?

Baban Sani: Huɗu.

Mushe Garba: To madam ba ta cuce ka ba. Na daɗe ina riƙe ajin CI, wato ajin farko na firamare, kuma yaran da suka fi ba ni wahala su ne masu rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, amma ka zuba musu tsakuwa bakwai ka ce su raba biyu, sai ido. Yaron da ya gano da hannunsa cewa gajerun katako biyu sun yi tsawon dogo ɗaya, ya riga ya san rabi tun kafin a rubuta masa shi a allo. Kuma abin ba sabo ba ne. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya fito da tsarin jardan wajen 1840, guntayen katako na cikin kayan wasan da ya tsara wa yara. Maria Montessori da ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, ita ma kayan taɓawa da jerawa ta sa a gaba.

Maman Nana: Na goyi bayan Mushe. Ƙanena ya kawo wa yarana Lego daga tafiya, guntayen robar nan masu maƙalewa da ake wasan gini da su, tun daga nan rigimar karɓar waya ta ragu a gidana. Ni dai ina ganin duk mai hali ya saya, don yaron da bai samu ba an bar shi a baya.

Usta Lawali mai walda: Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Wa aka bari a baya? Mu da muka tashi a unguwar Bagalam ta Maraɗi ba wanda ya taɓa saya mana abin wasa. Bayan girbi mu kwaso kara, mu fere ɓawon, mu yanka tsakiyar mai laushi gunduwa-gunduwa, mu soke su da ɓawon har mota ta tashi da ƙofarta da wurin kaya. Taya kuma tsohon silifa ne: ka kifa gwangwanin tumatir a kai, ka zana, ka yanke. In ramin bai faɗa tsakiya daidai ba, motar ɗingishi za ta riƙa yi, yara su yi ta kallonka, dole ka sake. In gatarin tayar ya matse ba ta juyawa, in ya yi sako-sako ta fita. Ba mai gaya maka, motar ce ke nuna maka. Wallahi awon da nake yi yau in zan haɗa ƙofa, a nan idona ya fara sabawa da shi. Shi kansa mai Lego ɗin, Ole Kirk Christiansen, kafinta ne a garin Billund na Danmak, kayan wasan katako ya fara yi a 1932. Na robar masu maƙalewa sai a 1958 aka yi musu rajista.

Ɗan jami'a: Baba Usta, a yi min haƙuri in sa baki. Akwai binciken da ya nuna yaran da suka ƙware a wasan gini sukan fi gane siffofi da lissafi, gaskiya ne. Amma a yi hattara. Gidan da ake sayen Lego galibi shi ne gidan da ake ci a ƙoshi, uwa ta yi karatu, akwai littafi. To wanne ne ya taimaki yaron a ciki? Masu sayar da kayan ba za su tsaya rarrabe mana ba.

Baban Sani: Yauwa ɗana, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi.

Inna Rabi: Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma akwai inda aka gwada a gidajen talakawa zalla. A Kingston ta Jamaika, a 1986 zuwa 1987, aka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, masu wata 9 zuwa 24. Aka raba su da ƙuri'a, ba a duba gidan wa ya fi ba. Wasu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta faɗa masa sunan abu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka koma aka nemo su. Waɗanda aka yi wa wannan ziyara, abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. An wallafa sakamakon a mujallar Science a 2014.

Ni aikin jinya na yi a ɗakin yara masu tamowa, kuma mu a jihar Maraɗi ba sai an ba mu labarin tamowa ba. Yaro ya sha madara, kumburi ya saɓe, amma yana kwance ido a buɗe, ko juyowa ba ya yi in an kira shi. Sai mu zuba tsakuwa a gorar roba mu ɗaure bakin tam, mu ce uwa ta kaɗa masa tana kiran sunansa. Ranar da ya miƙa hannu ya kama, ranar muke cewa ya dawo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa cikin matakan jinyar irin waɗannan yara.

Maman Nana: Allah ya saka, Inna. Amma fa duk labarin nan na mota da gini, na maza ne. Yarinya ƴar shekara shida tana goye da ƙanenta, ko tana ɗauke da faranti tana talla a tasha. In ta samu sarari ta yi carafke ko tuwon ƙasa. Ta ɗauki waya da gwangwani kuwa a ce wannan ba wasan mata ba ne. Gobe kuma mu ce mata ba su iya lissafi.

Mushe Garba: Wannan magana ce, Hajiya. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, sashe na 31 ya ce yaro yana da haƙƙin hutu da wasa, bai ware mace ba.

Baban Sani: Na ji ku duka, amma ban sauka ba tukuna. Abin da Inna ta faɗa, akwai babba zaune kusa da yaro yana masa magana. A aji mai cike da yara, wa zai bi kowa? Tsorona kar a zube musu katako a ce ana koyo, malama kuma tana can tana hutawa.

Mushe Garba: Nan kam da gaskiyarka, kuma ana iya ganewa. Ka roƙi izini ka zauna bayan aji wata safiya. Ka saurara ko tana tambayarsu wanne ya fi tsawo, nawa suka rage, me ya sa ginin ya faɗi, kuma ko tana barin yaro ya sake gwadawa ba ta karɓe ta yi masa ba. In ba ka ji ko ɗaya ba, ka kai ƙara wurin darakta, ni ma zan raka ka.

Usta Lawali mai walda: Maƙwabcina kafinta ne, ragowar katako a buhu yake zubarwa. Duk mai so ya yi magana in sa a goge musu baki kar su soki hannu. Sai dai wanda yaronsa bai kai shekara uku ba ya ɗauki manya, waɗanda ba za su shige baki ba.

Maman Nana: A ajiye min na yara uku, Usta, biyu mata ne.

Baban Sani: Ni sai na zauna a ajin nan tukuna. Ranar Litinin in sha Allah.