Tambaya: Yaya ake fahimtar da yara ranar da ta ɓace wa ayarin Majelan?

Assalamu alaikum malamai. Darasin tafiyar Majelan ne, matuƙin jirgin ruwan da ayarinsa ya zagaya duniya ta yamma, ga 'yan aji uku na firamare. Kashin farko ba ya ba da wahala: jirage 5 suka bar Sifaniya a 1519, an kashe Majelan a Filifin a 1521, jirgi ɗaya tak, Victoria, ya koma a 1522 da mutum 18. Taswirar bango tana yanke Tekun Fasifik biyu, sai yara su ɗauka jirgin ya faɗa gefe. Zare a jikin ƙwallo yana magance wannan.

Inda abin ya cije shi ne ranar da ta ɓace. Da mutanen jirgin Victoria suka iso tsibiran Cape Verde da ke yammacin Afirka a hanyarsu ta komawa gida, lissafinsu ya ce Laraba, mutanen gari suka ce Alhamis. Dalili: mai tafiya yamma yana bin rana, kowane digiri 15 (cikin 360 na zagayen duniya) yana tsawaita masa yini da awa ɗaya, zagaye cikakke awa 24.

An gwada tocila da ƙwallo. Dare da rana suna fitowa sarai, amma yara ba sa ganin taruwar awannin, don motsi biyu ne a lokaci guda, juyawar duniya da tafiyar jirgi, kuma ba su san digiri ba tukuna.

Don Allah, akwai wasan da zai nuna wannan cikin minti 35? Ko a jinkirta shi zuwa aji biyar?