Neman kalma kafin gobe: me za a kira su Shata da Ladi Kwali a rediyo?

'Yar Dilimi: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe za mu naɗi shirin ranar 1 ga Oktoba, takardar da aka miƙo min kuma da Turanci take, kan mutanen da suka cancanci a kira su national cultural icons. Sunayen da ke ciki: Shata, Ɗan Maraya, Ladi Kwali, mawaƙi Fela Kuti, marubuci Wole Soyinka. Na rubuta "fitattun mutane" amma bai zauna min ba, don kansila ma fitacce ne a unguwarsu. A taimaka kafin dare.

Ɗan Gangare: Gwarazan al'ada. An gama.

Tsohon Ɗan Jarida: Ba a gama ba, ƙanina. Gwarzo mun cinye shi a labarin wasanni. Gwarzon bana, baɗi wani ya karɓe. Shata kuwa tun 1999 ya rasu, har yau in ka shiga motar Bauchi da wuya ku isa direba bai sa shi ba. Jarumi da tauraro kuma 'yan fim sun gaje su.

Mai Shago a Terminus: Na ji an ce asalin kalmar icon ɗin hoton ibada ne a coci. To ba gumakan al'ada ke nan ba?

'Yar Dilimi: Subhanallahi! Yaya, so kake a sallame ni daga aiki? A garin Jos in ce Shata gunki ne?

Malamin Hausa: Ku saurara. Kalmar ita ce TAMBARI. Tambarin al'ada. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka. Tambari shi ne alamar da ake gane abu da ita ko ba a rubuta suna ba, sannan tambari ganga ce ta sarauta, ba kowa ake buga wa ba. Ma'ana biyu, duka sun hau. 'Yata, ki ciro naira ashirin daga jakarki ki juya bayanta. Murtala na gaba, a baya kuwa mace ce da ɗankwali, hannunta a jikin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar Gbagyi, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, mace ta farko a wurin. Ƙasa ta buga ta a kuɗinta. In wannan ba tambari ba ne, mene ne?

Tsohon Ɗan Jarida: Allah gafarta Malam, mutum biyar ne a takardar. Jam'in fa?

Malamin Hausa: Tambura mana.

Ɗan Gangare: "Masu sauraro, yau za mu kawo muku tamburan al'ada." Kowa zai gyara zama yana jiran kiɗan fada.

Malamin Hausa: Kunne sabo yake yi. Da aka fara cewa "yanar gizo" ba dariya kuka yi ba?

Bakano a Abuja: Ni abin da ke ba ni mamaki, mutanen da ke cewa "matata ya zo" su ne za su ƙera wa Hausa kalma. Ita al'adar ma da kuke ta maimaitawa Larabci ce. A ce gargajiya.

Hajiyar Anguwan Rogo: Kai yaro, Fela ɗan gargajiya ne? Da wannan ƙahon Turawan a bakinsa? Batun Hausar Jos kuwa, a Bukuru aka haifi Ɗan Maraya, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zagaye duniya, ba mu ji Kanawa sun mayar masa da waƙa a gyara ba.

Bakano a Abuja: Hajiya, ban taɓa Ɗan Maraya ba. Amma ba a haɗa shi da Shata. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Ɗan Gangare: Shi ma Jami'ar Jos ta ba shi. Kuma Shata Bakatsine ne, me ya haɗa ka da shi?

Tsohon Ɗan Jarida: Ku bar wannan. Ni inda takardar ta fi damuna shi ne kalmar "ƙasa". Soyinka ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1986, ba wanda ke ja, amma ku tambayi mai sayar da dankali a Farin Gada ko ta taɓa jin sunansa. Haka in ka je Enugu ka ce Shata, kallonka za a yi. Kowannensu na yankinsu ne, sai dai a taru a ce na ƙasa ne don zaman lafiya. Ladi Kwali kaɗai ce ke aljihun kowa, ita ma yawanci ba a san sunanta ba.

Malamin Hausa: Ka ga? Tambari!

Hajiyar Anguwan Rogo: Wai wa ya rubuta jerin nan ne da ya manta da Barmani Choge? Matar da ta riƙe kiɗan ƙwarya har ta koma ga Allah a 2013, ba bikin da mata ba su taka amadarta ba. In ba ta ciki, ni ba zan kunna rediyon ba.

'Yar Dilimi: Zan sa ta, Hajiya, ko da za a rage wa Soyinka minti biyu. Jama'a, magariba ta yi, har yanzu ba ni da kan shiri.

Tsohon Ɗan Jarida: Jigo. Jiga-jigan al'adun ƙasa. Jam'insa na zaune, ba sai kin tsaya bayani ba.

Bakano a Abuja: Jiga-jigan jam'iyya dai muka sani, masu sauya sheƙa.

Tsohon Ɗan Jarida: Aro 'yan siyasa suka yi. Jigon rijiya ya girme su, da shi ake ɗebo ruwa a fadama.

'Yar Dilimi: Na ɗauki jiga-jigai a kan shirin, ba don ta cika min ciki ba. Malam, in na zo kan Ladi Kwali ita kaɗai zan ce ta zama tambarin ƙasa. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Malamin Hausa: Sau ɗaya tak? To, ba laifi. Amma ki faɗe ta a farkon shiri, kafin a ɗauke wuta.

Bakano a Abuja: Ni dai ban sa hannu ba.