Neman shawara: mece ce ma'anar "homeroom" a makarantun Amurka?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Bara muka zo Amurka da zama, kuma bana ɗana ya shiga aji shida. A jadawalinsa an rubuta "homeroom" na minti 15 kafin darasin farko, da na tambaye shi sai ya ce ba a koyar da komai a ciki, don haka na riƙa kai shi bayan an tashi daga "homeroom" ɗin. Yanzu makarantar ta aiko mini da takarda cewa yana yawan makara. Don Allah a fahimtar da ni ma'anar kalmar, sannan malamar wannan ɗakin ce zan samu game da lissafi da ke ba shi wahala?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A gida yara ne ke zaune a aji malami ya shigo ya same su, amma a yawancin makarantun nan, daga aji shida zuwa sama, ɗalibai ne ke bin malamai ɗaki-ɗaki da zarar an kaɗa ƙararrawa. Shi ya sa ake ware wa kowane yaro ɗaki ɗaya da malami ɗaya, inda za su fara hallara a kira suna, a saurari sanarwa, a raba takardun da za a kai wa iyaye. Wannan kiran sunan da yake kuɓuce masa ne ya jawo miki takardar, saboda haka ki daure ki riƙa kai shi da wuri.

Amsa ta biyu:
'Yar'uwa, ki ɗauki malamar "homeroom" ɗin kamar fom masta a Najeriya, sai dai mai yiwuwa ba ta koyar da shi darasi ko ɗaya. Batun lissafi, malamin lissafin za ki aika wa imel kai tsaye. Amma a ganina bai kamata ki wuce ta ba, domin ita ce ke ganin fuskarsa kowace safiya. Ni ita na fara sanar wa lokacin da 'yata ta fara azumi.

Amsa ta uku:
Ƙarin bayani, Hajiya: a makarantu da yawa lokacin ne ake karanta alkawarin biyayya ga tutar ƙasar. Tun 1943 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa ba za a tilasta wa ɗalibin makarantar gwamnati furta shi ba, don haka ki zauna da yaron ku tattauna kafin ya shiga ruɗani.